Kwarkwaron Fatsa da Tokar Hajiya Asabe

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona a Hayin Banki, ya ɗauki wani tsohon agogon tebur, ya haska shi da waya, ya ɗan daddanna, ya ɗago kai ya gaya min kuɗinsa. Ni da na yi shekara arba'in da 'yan kai ina yi wa tsoffin kaya kuɗi, ni aka gaya wa, kafin ma in gama amsa sallama. Na ce masa madalla, ya juya bayan agogon ya buɗe. Ya buɗe, sai ga batir. Wani ne ya kwashe kayan cikin na asali tun tuni, ya cusa na roba. Saurayin ya yi 'yar dariya, ya ce ai shi da ma gwadawa yake yi, ya ajiye ya wuce.

Ban ji haushinsa ba, don ni ma waya nake amfani da ita yanzu, kuma tana min aiki. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ku samarin yanzu kuke ganin sana'ar nan zama ce kawai a cikin tarkace, mutum ya ɗaga abu ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa. To ku zauna in ba ku labari. Sunana Haruna, amma tun daga Kawo har Babbar Kasuwa da Haruna Mai Tsoho aka san ni. Ina sayen tsoffin kaya ina sayarwa, kuma idan za a raba gado aka ci karo da abin da ba a san kimarsa ba, ni ake kira.

Aikin farko da na yi wa ubangidana ɓarna ce. Baba Mamman, Bazazzage ne, gajere, ba ya ɗaga murya, yana da shago a bayan Babbar Kasuwa. A lokacin Turawa ma'aikata suna da yawa a Kaduna, kuma duk wanda zai koma gida sai ya yi gwanjon kayansa, Baba Mamman kuwa ba ya rasa wajen. Satina biyu a wurinsa ya tafi Zariya ɗaurin aure ya bar min shago. Akwai wata fitilar jirgin ƙasa ta tagulla a kan kanta, ta yi baƙi ƙirin, kullum in na kalle ta sai in ji kunya ta kama ni a madadin Baba. Na ce yau zan burge shi. Na samo toka a wajen mai ƙosai, na sayi lemun tsami biyu, na zauna na dirje ta kamar yadda na ga uwata tana yi wa tasoshinta idan Sallah ta gabato. Kafin la'asar fitila tana ɗaukar ido.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallonta.

"Haruna, wa ya rasu?"

"Babu kowa, Baba."

"An rasu mana. Shekara sittin ka kashe da lemo biyu."

Bai mare ni ba, bai zage ni ba. Ƙusa ya samo ya rataye fitilar a saman ƙofar shago, daidai inda nake zama. Duk wanda ya taya sai ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta Haruna ce. Daga baya ya fahimtar da ni cewa masu tara irin waɗannan kaya ba tagullar suke saye ba, baƙin nan da shekaru suka shafa mata shi suke biya, don shi ne shaidar cewa ba jiya aka ƙera ta ba. Ranar da ya sallame ni bayan shekara tara, ya ciro ta ya miƙo min. Tana nan a saman ƙofata har yau, kuma ban sake kusantarta da lemo ba.

Kayan aikina ba su cika aljihu ɗaya ba. Akwai ɗan maganaɗisu, wanda ke gaya min ko tagulla ce ta gaskiya ko baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, don tagulla ba ta kama shi. Akwai gilashin masu gyaran agogo da nake maƙalawa a ido. Sai gashin zabo guda ɗaya na kaɗe ƙura, da tsumma busasshe. Ba ni da sabulu, ba ni da man gogewa, ba ni da sukundireba, don Baba Mamman ya ce dillalin da ke yawo da sukundireba wata rana sai hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi. Sauran aikin na kunne ne da hanci da tafin hannu. Tsohuwar fata tana da warinta, tsohon mai yana da nasa, kuma abin da aka binne a ƙasa wata uku don ya yi kama da tsoho, warin rami yake yi ko me aka shafa masa.

A wajensa na fara ganin kwarkwaron fatsa. Ku da kuka saba ganin masunta da taru da kwalekwale ba lallai ku san shi ba. Wani ɗan inji ne mai faɗin tafin hannu da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, yana da hannu da ake murzawa, shi ke naɗe zare idan kifi ya kama ƙugiya. Turawan da ke zuwa bakin kogi ta wajen Malali ranar Lahadi su ke amfani da shi. Su zauna wuni guda cikin rana, su kama kifi ɗaya, wani lokacin ma su mayar da shi ruwa, mu kuwa mu yi ta mamakin wannan rashin aikin yi. Baba Mamman yakan sa min ɗaya a kunne ya murza a hankali, ya ce, "Saurara." Mai lafiya yana ƙas-ƙas-ƙas daidai wa daida, ba ya tsallake. Wanda haƙoransa suka cinye kuwa sai ka ji yana ɗingishi. Na fi wata guda ina jin duk ɗaya ne kafin kunnena ya buɗe.

Masu sayayya kuma kowa da halinsa. Akwai wanda zai shigo yana kushe abu tun daga ƙofa, wannan shi ne mai saye, ka ba shi kujera. Akwai wanda zai yi ta yabo yana shafawa, wannan hira ya zo, ka ba shi ruwa ya tafi. Waɗanda suka fi wahalar da ni su ne masu kawo kaya. Mutum zai zo da tsohuwar rediyon kakansa a nannaɗe cikin darduma, ya riga ya gama gina gida da kuɗinta a zuciyarsa, kai kuma aikinka ka gaya masa irinta goma ce a ƙarƙashin kantarka. Wata tsohuwa daga Rigachikun ta taɓa yi min Allah ya isa a kan wani dutsen guga na gawayi. Bayan sati ta dawo ta ce in yafe mata, ta zagaya kasuwa duka, ni ne ma na fi tayawa.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda masaƙu suka yi ta rufewa, Turawan da suka rage suka tattara suka tafi. Babu mai kawo kaya, babu mai saye. A daidai lokacin kuma tsohon ƙarfe ya yi tsada, 'yan jari bola suka bazu unguwa-unguwa da kura da sikeli. Da idona na ga tiren tagulla mai zanen hannu, wanda na san ba za a sake yin irinsa ba, an taka shi da ƙafa an lanƙwasa don ya shiga buhu. Na bi mutumin har bakin titi ina roƙonsa, ya ce in ina so in biya kuɗin kilo, kuma ya riga ya lanƙwashe. Shekarar nan da tsoffin fankoki da risho na ciyar da gida. Abokan sana'ata da yawa suka koma sayar da kayan gini. Ni taurin kai ne ya riƙe ni, ba hangen nesa ba, sai ga shi daga baya waya ta zo, na samu wani abokin hulɗa a Legas mai tura kaya ga masu tarawa a ƙasashen waje, kasuwa ta ɗan farfaɗo.

To, aikin da nake son ku ji shi ne na gidan Malam Garba Safiyo. Liman Tukur na unguwar Malali ne ya kira ni wata Talata, ya ce za su raba gadon wani tsohon ma'aikacin safiyo da ya rasu wata biyu da suka wuce, in zo in duba musu kayan ɗaki. Marigayin ya bar mata ɗaya, Hajiya Asabe, tsohuwar malamar firamare, da 'ya'ya huɗu. Babbansu Injiniya Bashir yana aiki a Abuja, autarsu Hadiza nas ce, tana nan Kaduna.

Na gama da kujeru da firji da tsohuwar rediyo cikin awa guda, babu wani abin mamaki. Ina fita sai na ga tarin tarkace a gefen get, an ware wa 'yan jari bola. Ni kuma ba na iya wuce tarin tarkace ban tona ba, matata ta yi faɗan har ta gaji. A ƙarƙashin wata tsohuwar tayar keke na ga jakar fata zagayayya, ta bushe ta yi tauri. Na kwance maɗaurin a hankali. Tun kafin in fito da abin, nauyinsa ya gaya min ba na wasa ba ne.

Kwarkwaron fatsa ne na tagulla, ya yi baƙi mai ruwan goro, irin baƙin da ba a iya ƙirƙira. Na kai maganaɗisu, bai kama ba. Na sa gilashi a ido, ga sunan maƙerin da garinsa a Ingila, an buga da hannu, haruffan ba su daidaita sosai ba, wanda shi ake so. Ƙusoshinsa duka na asali ne, bakinsu bai tauye ba, alamar babu wanda ya taɓa kwance shi. Ƙafarsa da ke zama a kan sanda ba a goge ta da zarto ba. Hannun murzawar na ƙaho ne. Na sa a kunne na murza, ya ba ni ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan da na yi shekaru ban ji ba, har na tuna Baba Mamman. A gefe ɗaya kuma, kusa da baki, akwai wani ɗan wuri da ya yi haske ya ɗan lotsa, daidai girman babban yatsa. Nan mai shi yake dannawa idan kifi ya ja zare da ƙarfi. Ba a yin wannan lotsawar a shekara ɗaya ko biyar.

Na kira Injiniya. Ya zo da waya a kunne.

"Injiniya, wannan ba na bola ba ne."

"Wannan? Baba, ai abin kamun kifin marigayi ne. Wani Bature da marigayin ya yi aiki a ƙarƙashinsa yana saurayi ne ya ba shi. In kana so ka ɗauka mana."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce to. Amma kayan gado ba a ɗaukarsa kyauta daga hannun mutum ɗaya, kuma Baba Mamman ya kafa min doka cewa ko allura ce ba ta bin dillali gida kafin a raba. Na ɗauki hotuna ta kowane gefe, na ce a ba ni kwana uku in tambayi Legas. Sannan na ce masa, sau biyu, da babbar murya, "Kada a wanke shi. Kada a shafa masa mai. Kada a goge shi ko da tsumma." Ya ce, "To Baba, to," ya ci gaba da wayarsa. Hajiya tana takaba, don haka daga bayan labule na yi mata ta'aziyya, ta amsa, na yi sallama na tafi. Ban ga dacewar in tsaya ina yi wa mai takaba bayanin tsohon ƙarfe ba.

Amsar Legas ta zo ranar Alhamis. Mutumin nawa ya ce irinsa kaɗan aka yi, kuma da jakarsa, da baƙinsa yadda yake a hoton, akwai mai biyan abin da zai sayi sabon babur har a yi canji. Na yi murna kamar nawa ne. Nan take na gaya wa Liman, na gaya wa Injiniya. Liman ya tsara rabonsa a kan maganata. Hadiza ta ce ita a sa mata shi a kasonta, a madadin abin da zai zo mata daga motar marigayin, in ya so in sayar mata, don tana son ta ƙarasa rufin ɗakin da suke ginawa kafin damina. Kowa ya yarda. Aka sa Asabar da hantsi.

Ranar Asabar na sa farar riga, na isa da wuri. Ina sa ƙafa a zaure na ji wani ƙamshi. Lemun tsami. Babu ƙamshin da nake tsoro a duniya kamarsa. Na yi ta gaya wa kaina ƙila shayi ake haɗawa.

Muka zauna a falo, Liman a kan darduma da takardunsa, Injiniya da ƙannensa maza biyu a gefe, Hajiya a bayan labulen ƙofar ɗakinta. Sai ga Hadiza ta shigo da faranti an rufe da farin ƙyalle mai ado, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Baba, Hajiya ta ce a ba ka haƙuri, gefe ɗaya kawai ta samu yi. Lemon ne ya ƙare, amma an aika a sayo."

Na ɗaga ƙyallen. Fuskata na gani a jiki. Gefen da sunan maƙerin yake ya yi fes, yana walƙiya kamar tasar amarya, ga 'yan layukan toka sirara ko'ina. Na juya ɗaya gefen, yana nan da baƙinsa. Aikin ya yi kyau, wallahi. Ko ni da na yi wa fitilar Baba Mamman ban kai ta iyawa ba.

Liman bai lura da komai ba. Ya gyara tabarau ya ce, "To Malam Haruna, a gaban magada, kuɗin yana nan yadda ka faɗa?"

Ku da kuke cewa sana'ar nan sauƙi gare ta, ku zo ku zauna a inda na zauna. In na ce yana nan, Hadiza za ta karɓi abin da bai kai rabin rabin abin da aka lissafa mata ba, ta rasa rufin ɗakinta, kuma da bakina aka cuce ta. In na ce ya faɗi, dole a tambayi dalili, dalilin kuwa yana zaune a bayan labule cikin takaba, 'ya'yanta huɗu suna ji. Na kalli Hadiza, tana murmushi, ba ta san komai ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya faɗi."

"Ya faɗi kamar yaya?"

"Ranar Talata kuɗin sabon babur ne. Yau in an samu na keken ɗinki, a gode Allah. Masu sayen nan baƙin suke biya, kuma rabinsa ya tafi."

Ɗaya daga cikin ƙannen ya buɗe baki, ya kalli labule, ya rufe. Murmushin Hadiza ya ɗauke. Na ga dai in ban yi sauri ba wani zai faɗi abin da ba zai iya mayarwa ba, sai na ce, "Kuma laifina ne, ba na kowa ba. Na ba da saƙo a inda ba zai isa ba. Na san sarai Injiniya ɗan fari ne."

Duk wanda ke wurin ya gane. Hajiya irin matan da ne, ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ko haɗa ido ba sa yi sosai. Mutumin da tsakaninsa da uwarsa gaisuwa ce daga bakin ƙofa, shi na ɗora wa bayani mai hawa uku. Ga Hadiza, auta, wadda ke kwana a ɗakin uwar tana tsefe mata kai, na wuce ta ban ce mata uffan ba, don na ga namiji babba a tsaye.

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai na tsaya a ƙofa na ce, Hajiya, an ce abin nan yana da kuɗi, a adana shi. Ta ce to. Shi ke nan na wuce."

Sai muka ji wani sauti daga bayan labule. Na ɗauka kuka ne, har na fara neman inda zan sa kaina. Ashe dariya ce. Hajiya Asabe dariya take yi, irin wadda mutum ke ƙoƙarin dannewa tana ƙin dannuwa.

"Malam Haruna," ta ce, "ka daina ɗaukar laifin da ba naka kaɗai ba. Ni na dirje shi, da hannuna, tun bayan sallar asuba. An ce za a kai wa Turawa. Ni kuwa ba za a fitar da abu daga gidana da datti a ce matar gidan ƙazama ce ba."

"Hajiya, ai ba ki sani ba ne."

"Ina fa na sani! Shekara arba'in da huɗu ina gidan nan. Duk Sallah in na fito da tasoshina, sai na kai hannu kan abin nan, sai Malam ya ce, Asabe, bar shi. In ce ya yi baƙi. Ya ce bar shi dai. Ni na ɗauka ƙazantar maza ce kawai. Yau da babu mai hana ni, na ce bari in huce haushin shekara arba'in."

Liman ya yi dariya har da tari, 'ya'yan ma suka saki jiki. Na tambaye ta ko marigayin ya san abin yana da tsada. Ta ce ina, Malam bai san wannan ba, shi dai ranar Lahadi in ya ɗauki sandarsa ya nufi kogi ba a ganinsa sai magariba, ya dawo da kifi biyu da labarin giwan ruwan da ya kuɓuce.

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Na ce, "Gefen da ya rage ma shi ne mai shaidar hannunsa. Ga inda babban yatsansa yake dannawa, har tagullar ta lotsa."

Dariyar ta tsaya. Can ta ce, "Hadiza, miƙo min."

Hadiza ta ɗauka ta zura hannu bayan labule. Muka zauna muna kallon darduma. Injiniya ya kashe wayarsa da ta fara ƙara. Sai Hajiya ta yi gyaran murya.

"Malam Liman, a sa min shi a tumunina. A kan kuɗin farko, na babur ɗin. Ita kuma a mayar mata da kasonta na mota, ta rufa ɗakinta."

Na ce, "Hajiya, wallahi bai kai haka ba yanzu. Aikina ne in gaya miki, za ki yi asara mai yawa."

"Na ji, kuma ka yi aikinka, Allah ya yi albarka. Kai kuɗinsa a wajen Turawa ka sani. Nawa kuɗin ban tambaye ka ba."

Liman ya tambaye ta sau uku ko da yardarta, sau uku ta ce da yardarta. Injiniya ya ce su 'ya'yan za su haɗa su ɗauke mata bambancin, ta ce wa Hadiza, "Gaya wa wancan na gode, amma ya bar shi." Liman ya rubuta, aka shafa fatiha.

Muna shafawa aka yi sallama a ƙofa, maƙwabciyar da aka roƙa ta biya kasuwa ce ta dawo, ta miƙo leda cike da lemun tsami, ya fi ashirin. Hadiza ta karɓa ta tsaya da ita a tsakiyar falo, ta rasa inda za ta nufa. Ni kuwa idona yana kan ledar nan kamar maciji ne a ciki.

Hadiza ta ce, "Hajiya, ga lemon. A kawo miki da tokar?"

"A'a," in ji Hajiya. "Gefe ɗaya nawa, gefe ɗaya nasa, haka zai zauna. Ki ɗora ruwan shayi ki matsa wa baƙi."

Kofi uku na sha kafin in tashi.